Kusurwar da Hannun Inna Ya Sani

A gidanmu na Bosso, wadda ta fi kowa zama gaban kwamfuta ita ce surukata, wadda ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa takawa ba. Inna muke ce mata. Mun ɗauko ta daga Kontagora bayan rasuwar mahaifin maigidana, a lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani. Tana bambance haske da duhu, tana gane mutum da tsayinsa da launin rigarsa, amma baƙaƙen Alƙur'aninta sun daina tsaya mata. Ta zo da rikoda da kaset-kaset na karatu ƙunshe a ɗankwali. Rikodar ba ta daɗe ba ta koma cin zare, yau a naɗe da biro, gobe a liƙe da salatif, har ta gaji ta yi shiru.

Maigidana yana aiki a sashen kula da na'urori na jami'a. Muna da wata tsohuwar kwamfuta a falo, mai ƙaton akwati a ƙarƙashin tebur da fanka mai gurnani. Ya zuba mata karatun Alƙur'ani daga Fatiha har Nasi, ya kafa wani hoto kore a saman allo ta gefen hagu, ya ja shi har ya kai girman tafin hannu. In aka danna shi sau biyu, karatu ya tashi daga inda aka tsaya jiya. Ni na zauna da Inna, hannuna a kan nata, nata a kan maus, har ta saba. Daga nan kullum da hantsi, in akwai wuta, tana idar da walaha sai ta lallaba ta danna maɓallin akwatin, ta jira fankar ta lafa, ta kunna abinta. Ina kicin nake jin muryar mai karatun, da tata can ƙasa-ƙasa tana bi.

Wata rana ina tsince mata shinkafa ta ce da ni, "'Yar nan, zare ma sai an zura min a allura. Ƙofar gida sai an riƙe min hannu. Karatun nan kaɗai nake yi a gidan nan ban ce wa kowa zo ka yi min ba."

Abin da ke cikin kwamfutar Linux ne. Da can irin na kowa ne a ciki, sai ɗalibai 'yan garinsu da ke zuwa da filash ɗinsu suka yi ta shafa mata cuta, kullum tana asibiti a hannun mai ita. Ya gaji ya share ya sa wannan. Ya ce min kyauta ne, ba kwafin sata ba, kuma masu yin sa sun bar shi a buɗe, duk wanda ya iya yana da damar dubawa ya gyara ya raba wa wasu. Zancen ya daɗe yana min yawo a ka. Mutane a ƙasashen da ban san sunansu ba su zauna su yi aiki su ce kowa ya ɗauka? Na tambaye shi da me suke ci. Ya ce wasu aikinsu ne, wasu sha'awa ce. Na ce to Allah ya san nufin kowa.

Akwai abin da sai an sani kafin a gane sauran labarin. Maigidana ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta roƙonsa komai, ba ta kuma kushe abin da ya yi. Yana zaune a gabanta za ta juyo gare ni ta ce, "Ki tambayi mutumin naki ko ya ci abinci." Shi kuma ya amsa min, ni in tsaya a tsakiya kamar tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushiya. Ya kusa shekara arba'in a lokacin, amma haka suke tun yana goye.

Wajajen 2012 ne, wata Asabar, ya dawo da faya-fayai daga ofis ya yini a gaban kwamfutar. Da la'asar ya kira ni in ga aiki. Na duba allo na ga wayam. Babu koren hoton, babu doguwar sandar da ke kwance a ƙasan allo, babu komai sai shuɗin zane da ɗan rubutu a sama.

"Ta lalace ne?"

"Ta gyaru dai. Wannan da kike gani ba shi ne Linux ɗin ba, fuska ce. Destof ake ce mata. Ɗakin ɗaya ne, jere ne ya bambanta. Kina iya kwashe jerenki ki yi wani, gini yana nan inda yake."

"To me jeren da ya yi maka?"

"Masu shi sun bar shi, sun fito da sabo. Ga wasu ma na sa don in gwada."

Ya nuna min inda ake fita a zaɓi wanda ake so kafin a shiga. Huɗu ne. Ya faɗi sunayensu, ba su zauna a bakina ba, sai na bi tambarin kowanne na raɗa masa nawa. Mai hoton tafin ƙafa na ce Sawu, shi ne wanda muke da tsohonsa aka kawo sabo. Mai shuɗi da ƙyalli na ce Shuɗiya. Mai ɗan ɓera na ce Ɓera, mai kama da tsuntsu ya buɗe fiffike na ce Tsuntsu. Ya yi dariya ya ce na mayar masa da kwamfuta gidan zu.

Sai ya kira Inna, ya zaunar da ita. Da zuciya ɗaya ya yi, har da ita a ransa ya yi wannan wahala. Ya ce, "Inna, yanzu ya fi sauƙi. Ki tura can sama, komai zai fito a jere, sai ki danna koren sau ɗaya kawai. Kin gani? Ya yi?"

Inna ta juyo gare ni. "Ki ce masa Allah ya yi albarka."

Ya ɗauka ta ce ya yi. Ni ma a ranar haka na ɗauka.

Hantsin Litinin ban ji karatu ba. Na leƙo na ga akwai wuta, Inna tana kan darduma da carbi. Washegari ma haka. Na ce, "Inna, in kunna miki?" Ta ce, "Bar shi, kina aiki." Na kunna ban jira ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi min godiya irin wadda baƙo yake yi in an kawo masa ruwa. Godiyar nan ta dame ni.

Na fara laɓewa a bakin labule. Na ga ta tashi ta kunna akwatin, ta zauna, ta kama maus. Allon ya yi wani tsalle, abubuwa suka fito suka koma, suka sake fitowa. Ta danna, wani farin shafi ya buɗe. Ta jira karatu, shiru. Ta sake gwadawa, wani shafin ya hau kan na farko. Sai ta janye hannunta ta ɗora a cinya, ta zauna haka nan tana fuskantar hasken. Da na shigo ba ta ɓoye ba.

"Idon ne ya ƙarasa," in ji ta. "Dama na san ranar tana zuwa."

"Inna, ba idonki ba ne, jeren aka canza. Bari ya dawo in gaya masa."

"Kada ki soma. Yaro ya ɓata yininsa a kai, sai in ce bai yi ba? Ki yi min alkawari."

Na yi mata, don ban san yadda ake ce wa Inna a'a ba. Na koma kicin ina juya miya ina juya magana. Ya ce jere huɗu ne a ciki. In sabon Sawu bai karɓe ta ba, saura uku, kuma ya nuna min ƙofar. Turancin sakandarena yana nan, bai tsatsa duka ba.

Na fara bayan azahar, lokacin da Inna ke ƙailula yara kuma ba su dawo daga Islamiyya ba. Da idona lafiyayye duk huɗun suna da kyau, na ga ba zan gane komai a haka ba. Sai na ɗauko wani farin mayafi shara-shara na ninka biyu na rufe fuskata da shi, na ce wataƙila haka duniya take a wajen Inna.

Sabon Sawu tsaf yake kamar falon da ba a zama. Ba ya barin komai a kan allo. In ka tura kibiya kusurwar hagu ta sama, sai ya baje maka kayansa, koren hoton yana cikin wani layi a gefe, ya ƙanƙance, ya shiga cikin 'yan uwansa. Ta bayan mayafi layin duka ya zama ɗigo-ɗigo kamar duwatsun wuya. Na lura kuma tsohuwar kwamfutarmu tana nishi kafin ta baje kayan. Amma na gane abin da maigidana ya gani a ciki: in ka iya rubutu, harafi biyu za ka buga ya kawo maka abin da kake nema. Na buga, ya kawo, na ji daɗi kamar na aiki yaro mai hankali.

Shuɗiya ita ta fi tafiya da ni. In ta tashi tana yin wani ɗan kiɗa mai daɗi, na ce wannan zai amfani Inna, ta san an shirya ba sai ta saurari fanka ba. Komai nata kamar gilashi, ana hango abu ta bayan abu. Sai dai kafin ta gama tashi na ɗora ruwan zafi na dawo. Na shiga wurin gyare-gyarenta na ɓata, layi cikin layi kamar babbar kasuwa ranar da aka sauke kaya, kowane lungu da abin da za a murɗa. Na daɗe ina canza launin gefen taga ba tare da na tuna abin da ya kawo ni ba. Da na sauke mayafi a fuskata, gilashin nan duk ya narke ya zama ruwa ɗaya. Kyan nata na masu ido ne.

Ina cikin haka maƙwabciyata ta shigo aron turmi. Banufiya ce 'yar Bida, Maman 'Yan Biyu muke ce mata, tana sayar da soyayyen kifi a bakin titi. Ta tarar da ni a lulluɓe gaban kwamfuta, ta ja ta tsaya.

"Maman yara, kai lafiya? Kwamfuta ma yanzu namiji ne, ana rufe masa fuska?"

Na yaye mayafin ina dariya, na gaya mata ina gwada yadda mai raunin ido yake gani ne.

"To ba sai ka tambayi mai raunin ido ba? Yana ɗaki yana barci."

"Ba za ta faɗa ba."

"Ku Hausawa da kunya. Uwata in abu bai yi masa ba, unguwa duka sai ya ji." Ta matso ta leƙa allon. "Wannan mai kyau ne. Nawa ne?"

"Kyauta."

"Kyauta?" Ta ɗauki turminta. "To ka bi a hankali."

Tsuntsu kafin in gyara zama ya tashi. Ban taɓa sanin kwamfutarmu tana da wannan gudun ba, fankar ma ta yi shiru. Jerensa kamar ɗakin gwauro, sanda ɗaya a ƙasa, 'yan hotuna a gefe, shi ke nan. A nan na sake ganin koren hoton zaune a kan allo. Ashe bai taɓa ɓata ba, sabon Sawu ne ba ya nuna abin da ke wurin. Amma ya koma ɗan mitsitsi, na nemi inda zan ƙara masa girma ban samu yadda nake so ba. Wataƙila akwai, ni ce ban iya ba.

Ɓera na bari ƙarshe saboda sunansa, ni da ɓera ba ma shiri. Shi ne kuwa ya fi kama da tsohon jerenmu. Ba shi da ƙyalli, ba shi da nauyi, wurin gyare-gyarensa kuma bai fi a zaga a dawo ba. Na sami wani wuri da aka rubuta girman hotuna, na yi ta ƙara lamba ina kallon koren yana kumbura. Na sami inda ake ɓoye sauran hotunan, kwandon shara da su gida, na ɓoye. Na sa bayan allon baƙi. Na ja koren na kawo shi tsakiya, inda ido ke fara sauka. Ta bayan mayafi ya fito ɓaro-ɓaro kamar ganyen ayaba a kan baƙin tire. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Washegari da hantsi na ce, "Inna, zo ki taya ni, ina koyon abin nan ne."

"Ke ce mai koyo, ni ce malama?" Ta gane ni sarai, amma ta taso.

"Kina ganin kore?"

"Ina ganin wani abu a tsakiya."

"To shi ne. Danna shi."

Ta kama maus. Na zuba wa allo ido ina jira kibiya ta nufi tsakiya, sai na ga ta yi sama ta yi hagu ta maƙale a kusurwa. Na sauke idona kan hannunta. Tana tura maus ɗin gaba da hagu, ta ɗaga shi ta dawo da shi, ta sake turawa, ta sake, kamar mai share gari a faranti. Sannan ta jawo shi baya kaɗan, ta danna sau biyu a kan baƙin fili. Ba abin da ya faru.

"Inna, me kike nema a can sama?"

"Bango."

"Wane bango?"

"Bangon abin. In na tura na tura, na san na kai ƙarshe. Daga nan sai in dawo kaɗan, nan yake. In ban taɓa bango ba ta ina zan san inda nake?"

"Ba kibiyar kike bi ba?"

"Wace kibiya?"

Na zauna a hannun kujera. Duk tsawon lokacin nan Inna ba ta taɓa ganin kibiyar ba. Ni da na koya mata ban sani ba, don ina kallon allo ne ita kuma hannunta yana koyon wani abu daban. Haka take tafiya a cikin gida ma, yatsunta a jikin bango daga ɗaki zuwa bayi. Nan take na gane abin da sabon Sawu yake mata. A cikinsa kusurwar nan maɓalli ce. Turawar farko ta buɗe, ta biyu ta rufe, ta uku ta sake buɗewa. Ita tana laluben bango, bangon yana motsi.

Na ja koren na mayar da shi saman hagu, inda yake a da. Na ce ta sake. Ta tura, ta tura, ta jawo, ta danna sau biyu. Muryar mai karatu ta tashi a tsakiyar Suratu Maryam, inda na tsayar mata. Inna ta gyara mayafinta, leɓɓanta suka kama bi. Na koma kicin na tarar albasata ta ƙone.

Da rana na ajiye mayafi, na sake bin su huɗun da ido a rufe, da hannu kawai, don in tabbata. A Shuɗiya hotunan suna cikin wani akwatin gilashi da bai manne da kusurwa ba, hannu ba shi da abin aunawa. A Tsuntsu kusurwar lafiya lau take, amma hoton ya yi ƙanƙanta, in ka jawo sai ka wuce shi. A Ɓera ko na yi ganganci sai in faɗa kan koren. Na yi ta tunanin mutanen da suka mai da kusurwa maɓalli. Na tabbata sauƙi suka nufa, sun hango mai sauri da aiki a gabansa, ba su hango tsohuwa a Bosso tana laluben bango ba, kuma ta ina za su hango ta? Na yi tunanin waɗancan ma da suka bar tasu kusurwar shiru, su ma ba don ita suka yi ba. Na yi musu addu'ar alheri gaba ɗaya.

Sai dai magana ba ta ƙare ba. Kwamfutar tana tashi ne a kan jeren da aka bar ta. Maigidana in ya dawo da yamma ya zauna aikinsa, sai ya mayar da ita sabon Sawu, yana mita wai yara suna masa wasa da ita. Ni kuma da safe in ya fita sai in faki idon Inna in mayar Ɓera in kashe. Haka muka yi ta yi, yana kwancewa ina ɗaurawa. Ran nan aka yi haihuwa a Kpakungu, gidan ƙanwata, na fita da sassafe ban taɓa kwamfuta ba. Na dawo bayan azahar na tarar da Inna a kan darduma, carbi a hannu, allon yana kunne da fararen shafuka a kan juna.

"Yau ya ƙi," in ji ta. "Wata rana ya yi, wata rana ya ƙi. Na ce miki idon ne."

A ranar na san ɓoye-ɓoyena ba zai kai mu ko'ina ba. Ga alkawari na ɗauka, ga shi ba na son in yi wa mijina ƙarya.

Na bari sai Asabar, ya ci ya ƙoshi, Inna ta shiga ƙailula. Na ce, "Malam, roƙo nake. Ka bar mana kwamfutar nan a kan Ɓera."

Ya ajiye kofi. "Ashe ke ce ɓarauniyar. Ni ina ta zargin yara."

"Ni ce."

"To Malama, kawo hujja."

Na kawo. Na ce Shuɗiya ta fi ƙarfin akwatinmu, Sawu ma yana sa ta nishi, Tsuntsu yana da gudu amma ba ya lanƙwasuwa a hannuna, Ɓera kuwa ya haɗa sauri da jin magana. Ya yi ta kallona yana murmushi kamar wanda akuyarsa ta yi masa sallama. Ya ce Ɓera na tsofaffin injuna ne, duniya ta yi gaba, nan da 'yan shekaru kowa irin sabon zai koma. Na ce injinmu ai tsoho ne. Ya ce a nan na kama shi.

"Amma sabon ya fi wa Inna," in ji shi. "Ita da bakinta ta ce ya yi."

"Me ta ce?"

"Ta ce Allah ya yi albarka."

"To."

Ya dube ni. Murmushin ya ragu. "Ta ce miki wani abu ne?"

"Malam, zo ka zauna a nan. Rufe idonka. Kada ka buɗe. Kunna min karatu."

Ya zauna, ya rufe, ya kama maus. Ya ɗan yi jim, don bai san inda kibiyarsa take ba. Sai ya tura sama da hagu, ya ƙara turawa don ya tabbata. Allon ya buɗe ya rufe. Ya jawo ya danna. Shiru. Ya sake, wani shafi ya buɗe. Ya buɗe ido ya ga abin da ya yi. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya kalli ƙofar ɗakin Inna.

"Tun ranar?"

Na tuna alkawarina, na kau da kai. Bai sake tambaya ba. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ce, "Nuna min yadda kika jera."

Na nuna masa. Bai canza komai ba sai ɗan matsar da sandar sama da ya yi zuwa ƙasa don kusurwar ta zama fili. Ya buɗe wa Inna nata sashe daban, ya sa in an kunna akwatin can zai wuce kai tsaye, shi kuma ya riƙa zagawa nasa ya yi ta canje-canjensa. Da hannunsa ya ɗumama sai dabara ta fara zuwa masa.

"Ai zan iya sa karatun ya tashi da kansa da an kunna. Ba sai ta taɓa maus ba ma."

"A'a. Bar mata dannawar."

Ya buɗe baki zai yi gardama, ya fasa.

Inna ba ta yi maganar ba sai da aka kwana biyu karatu bai ƙi ba. Ina yanke mata farce ta ce, "Bakinki bai riƙe ba, ko?"

"Ban faɗa ba, Inna. Idonsa kawai na sa ya rufe."

Sai na ji kafaɗarta tana rawa. Dariya take. "Ya iya?"

"Bai iya ba."

"Da karatunsa duka." Ta miƙo min ɗaya hannun.

Daga baya ya zo min da labarin wai wasu sun ɗauko tsohon Sawu da masu shi suka bari, sun ci gaba da kula da shi da wani suna, tunda dama a buɗe yake. Ya ce ko a sa wa Inna, tunda shi ta fara sani. Na ce a bar ta inda take. Ni dai na roƙe shi ya sa min a nasa sashen in gani, don zuwa lokacin abin ya shiga jinina, in na gama aiki sai in zauna ina leƙa jeren mutane.

Ana gab da azumi, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna falo mu uku. Yana cin dambu, Inna tana kan dardumarta. Ta juyo gare ni.

"'Yar nan, ki tambayi mutumin naki, akwatin nan yana ɗaukar tafsiri?"

Cokalin ya tsaya a hannunsa. Tunda nake gidan ban taɓa jin ta nemi wani abu daga wajensa ba, ko ta bakina. Ya dube ni ya ce, "Ki ce mata yana ɗauka. Na wane malami take so?"

"Irin wanda nake ji a rediyo a Kontagora. Ki ce a sa min a ƙarƙashin wancan, a bar tazara. Kada a taɓa na saman."

"Ki ce mata ba za a taɓa ba."

Na buɗe baki zan maimaita, Inna ta ɗaga min hannu.

"Na ji shi. Ido ne ba ni da shi."

Ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa. Bai gama dambun ba ya tashi ya shiga ɗaki neman filash.